Lokacin da Muke Raɗa wa Kwamfuta Suna

Waɗanda suka yi zaman kafe a tsakiyar shekarun 2000, a Gusau ne ko a Sakkwato ko a 'yan shagunan da suka biyo baya a bakin babban titin da ya ratsa Talata Mafara, za su tuna da wata 'yar takarda da akan liƙa a bango kusa da teburin mai karɓar kuɗi, wadda ƙurar hunturu ta mayar ja, zafin bazara ya nannaɗe gefenta, amma duk da haka babu yaron shagon da ya isa ya ɓamɓare ta. Lambobi ne a jikinta, layi uku ko huɗu, kowane layi gida huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Na sama lambar ƙofar da ake fita duniya ta cikinta. Biyun da ke ƙasa kuwa na na'urorin da kwamfuta ke tambaya ne idan an ba ta sunan da ba ta sani ba. Ma'aikacin kamfanin da ya zo kafa dish shi yake rubuta su da biro ranar da ya gama aiki, ya ce a kiyaye, sannan ya hau mota ya koma Kano ko Legas. Duk ranar da aka wanke wata kwamfuta aka sake ɗora mata Windows, takardar nan ake fara dubawa kafin a taɓa komai.

Yau yaro yana sayen waya ranar Talata a kasuwa, ya zura layi, kafin ya kai bakin tasha ya shiga WhatsApp. Bai rubuta lamba ko ɗaya ba.

Saboda ƙannenmu da 'ya'yanmu da ba su riski wancan zamani ba, bari in ɗauko zancen daga tushe. Kwamfuta ba ta san suna ba. Lamba ta sani, wadda ake kira adireshin IP, kuma duk saƙon da zai fita daga cikinta sai an ɗora masa lambar inda za shi. Mu mutane kuma kanmu ba ya riƙe lambobi da yawa, suna yake riƙewa. Don haka duk sa'ad da ka rubuta jamb.gov.ng, ko ka taɓa jar alamar YouTube, kafin hoto ɗaya ya fito sai na'urarka ta nemo lambar da ke bayan sunan. Wannan ɗan aiki na mayar da suna lamba shi muka yi shekaru muna yi wa hidima da hannunmu, kuma shi ake yi yanzu kafin ƙiftawar ido ba wanda ya san an yi.

Shagon da na koyi aikin a Talata Mafara ɗaki ɗaya ne mai tsawo, da tebura a jere a jikin bango, da fanka a sama, da janareta a bayan gida wanda ƙararsa ta zame mana jiki har ba ma jin ta sai ta tsaya. Yawancin masu shigowa ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau ne, wadda aka kafa a garin a 1992 zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim, tun Zamfara na cikin jihar Sakkwato. Sai malamai daga Bakura da suka zo tura takarda, da ma'aikatan ban ruwa na Bakolori, da samarin Maradun da suka hawo babur da kati a aljihun gaba, su zauna suna kankare shi da farce hannu na rawa don su ga abin da WAEC ko NECO ta ba su. Maigidana ba ya son a ce masa "ta ɗaya" ko "ta biyu". Kowace kwamfuta sai da ya raɗa mata suna: mafara, bakura, maradun, rini, faru, morai. Babbar da ke kan teburinsa, wadda wayar dish ke shiga cikinta sannan ta rarraba wa sauran, ita ya kira bakolori, domin a cewarsa duk yankin babu abin da ya kai madatsar Bakolori girma.

Sai dai raɗa suna daban, sanar da shi daban. Windows ta wancan lokaci tana da tata dabarar ta neman maƙwabta, inda kwamfuta kan yi shela a cikin waya ta ce wa ke da suna kaza, ta saurari amsa. Wata rana a amsa nan take. Wata rana ka buɗe wurin da ake nuna maƙwabta ka tarar wayam, alhali ga su nan a gabanka duk a kunne. Maigida bai yarda da wannan shela ba. Idan an kawo sabuwar kwamfuta, ko an wanke tsohuwa, sai ya ce da ni cikin Zamfarcinsa:

"Yaro, wanga inji bai san kowa ba. Tai ka gaya mai sunan 'yan'uwanai."

"To, maigida."

Sai in buɗe Notepad, in nemo wani ɗan fayil mai suna hosts. A Windows 98 yana cikin babban kundin Windows kai tsaye. A XP sai an gangara system32, sannan drivers, sannan etc. Babu ado a cikinsa, babu hoto, babu maɓallin dannawa. Lamba a hagu, suna a dama, kowanne a layinsa:

192.168.0.1 bakolori
192.168.0.2 mafara
192.168.0.3 bakura
192.168.0.4 maradun

Ka ajiye, ka rufe. Daga wannan lokaci, idan aka ce wa kwamfutar nan bakolori, ba za ta yi shela ba, ba za ta tambayi kowa a waje ba, domin doka ce a wurinta ta fara duba abin da aka rubuta mata a gida kafin ta ɗaga kai ta nemi wani. Ɗaliban da suka fara taɓa Linux a lokacin sun tarar da abin ya fi fitowa fili: fayil ɗaya na sunayen gida, /etc/hosts, wani na lambobin waɗanda za a tambaya a waje, /etc/resolv.conf, na uku kuma, /etc/nsswitch.conf, a cikinsa akwai layi guda da ke tsara wa za a fara tambaya, wa zai biyo baya. Mai kwamfuta shi ke yanke wannan hukunci, da hannunsa, cikin kalmomi biyu ko uku.

Babban ilimin da aka ba mu a shagon nan bai wuce a faɗe shi da numfashi ɗaya ba, amma ya ciyar da mutane da yawa. Idan mai sayen lokaci ya ɗaga hannu ya ce Internet Explorer ta nuna masa farin shafin nan mai cewa ba za a iya nuna shafin ba, ba ka fara zargin dish, ba ka fara kashe kwamfuta ka kunna. Baƙar tagar ba da umarni za ka buɗe, ka rubuta ping da lambar bakolori. Idan ta amsa, wayar cikin ɗaki lafiya lau. Ka sake ping da wata lamba ta waje da ka haddace. Idan ta amsa, dish na aiki. Sannan ka yi ping da suna, yahoo.com misali. Idan lamba ta amsa suna bai amsa ba, to hanya a buɗe take, mai faɗin suna ne ya yi shiru, sai ka koma kan gidaje biyun da ake rubuta lambobin masu faɗin suna a cikin kwamfuta, wato DNS, ka gwada abin da ke cikinsu da abin da ke jikin takarda, ko ka share abin da kwamfutar ta haddace da ipconfig /flushdns ta sake tambaya. Maigida kan tsaya a bayanka ya ce, "Mi kag gani?" Kuma ba ya karɓar amsar "ba netwok". Sai ka faɗa masa a wace gaɓa maganar ta tsaya.

Yanzu komai ya lalace, sunansa ɗaya: ba sabis.

Daga baya, da karatu ya ɗan yi nisa, na fahimci ɗan fayil ɗin da muke cikawa ya girme mu duka a harkar. A shekarun 1970, lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ke gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, can a Amurka akwai wata hanyar sadarwa mai suna ARPANET da ta haɗa jami'o'i da cibiyoyin bincike, ita ce kakar intanet. Sunayen dukkan kwamfutocin da ke kanta a fayil ɗaya suke, HOSTS.TXT, kuma ofishi ɗaya ke riƙe da shi, a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, ƙarƙashin wata mata mai suna Elizabeth Feinler. Wanda ya kafa sabuwar kwamfuta sai ya buga wa ofishinta waya a lokacin aiki, ko ya tura saƙo, a duba ko wani bai riga shi ɗaukar sunan ba, a rubuta shi, sannan kowace cibiya ta sauke sabon kwafi. A watan Agustan 1981, kwamfutocin da ke cikin wannan jeri 213 ne kacal. Mace ɗaya da 'yan ma'aikatanta sun isa su san sunan kowa.

Da yawa ya zo sai tsarin ya gaza. Kafin sabon kwafi ya zagaya ya tsufa, suna ya ci karo da suna, ofishin ya kasa numfashi. A Nuwamban 1983 wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Paul Mockapetris, wanda ke aiki tare da Jon Postel, ya fitar da tsarin da ake kira DNS, kuma shi duniya ke kai har gobe. Hikimarsa ita ce kada a ɗora wa kowa sanin komai. Ɗauki baƙon da ya sauka a tashar Gusau yana neman gidan wani mutum a Maradun. Ɗan kamasho bai san gidan ba, amma ya san motar da za ta kai shi. A tashar Maradun ma ba lalle a san mutumin ba, amma da jin sunan unguwarsa za a ce ga hanya. Mai unguwa shi ne zai ce ai gidan wane ne, ga shi can bayan masallaci. Yaron da aka haɗa shi da shi ya yi masa rakiya kuwa, idan wani baƙon ya zo gobe da tambaya iri ɗaya, ba sai ya sake bin kowa ba, ya riga ya haddace.

Haka ake bin suna, daga dama zuwa hagu. A can ƙoli akwai na'urorin tushe, masu sunaye 13 daga harafin A zuwa M, waɗanda yanzu aka baza kwafinsu a ɗaruruwan wurare a duniya har da Legas. Su ba su san lambar JAMB ba, sun dai san wa ke riƙe da ng. Mai riƙe da ng ya san wa ke da gov.ng, shi kuma ya nuna wanda zai faɗi lambar jamb. Lambobin nan biyu na jikin takardarmu su ne 'yan rakiyar, su ke yin wannan zagaye a madadinmu su dawo da amsa, su riƙe ta na wani ɗan lokaci da mai sunan ya ƙayyade.

Mu a Mafara mun ji nauyin wannan zagaye a jikinmu, domin 'yan rakiyarmu ba a kusa suke ba. Tauraron ɗan'adam da dish ɗinmu ke kallo yana sama da nisan kilomita kusan 36,000, kuma tambaya sai ta hau can, ta sauka a tashar kamfanin a wata ƙasa, amsa ta sake hawa ta sauko mana, tafiyar da ba ta yin ƙasa da rabin daƙiƙa ko da komai lafiya. Rabin daƙiƙa kafin ma a fara ɗauko shafin, kuma shafi ɗaya kan ƙunshi sunaye da dama, ga hadari idan ya haɗo daga gabas sai sigina ta yi ta yankewa, ga ɗalibi ya sayi awa ɗaya da kuɗin abincinsa yana kallon agogon da ke ƙirga masa minti a gefen allo. Shi ya sa aka koya mana sa bakolori ta riƙa haddace amsoshi, domin idan mafara ta tambayi Yahoo da safe, kada faru ta sake aika tambayar sama da hantsi. Kowace daƙiƙa da muka rage kuɗin wani ne muka tsare.

Har sunan ƙasarmu ma, ng ɗin nan, ya yi zaman aro. An yi masa rajista a 1995, da Misis Ibukun Odusote ta kwalejin fasaha ta Yaba a matsayin mai kula da shi, amma na'urar da ke amsa tambayoyinsa a wata cibiyar bincike take a birnin Pisa na Italiya. Daga baya wani Ba'amurke, Randy Bush, ya ɗauki wannan hidima na shekaru. Sai da aka sha jayayya kan wa ya cancanci riƙe shi, har gwamnatin Obasanjo ta sa baki, sannan aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005 ta karɓi ragamar. Muna zaune a shago muna raɗa wa kwamfutoci sunayen garuruwanmu, sunan ƙasar tamu kuwa wani ne a waje ke amsa mana shi.

Akwai wani amfani da muka yi da fayil ɗin wanda dattawan garin za su fi fahimta. Shekarun nan su ne na farkon aiwatar da shari'a, wadda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999, kuma mai kafe a gari irin namu, inda kowa ya san uban kowa, mutuncinsa shi ne jarinsa. Akwai wata lamba, 127.0.0.1, wadda a wurin kowace kwamfuta ma'anarta ita kanta. Idan ka rubuta sunan wani shafin batsa a hosts ka ɗora masa wannan lamba, duk wanda ya nemi shafin sai kwamfutar ta juyo ta tambayi kanta, ta rasa, ta nuna farin shafi. Maigida ya sa mun yi ta tsawaita jerin. Bai taɓa cika ba, domin kafin ka toshe goma an buɗe ɗari, wato dai ciwon da ya kayar da ofishin Feinler shi ya same mu a ɗan ɗakinmu.

Abin da ya fi zauna mini a rai daga wannan shi ne ganin cewa kwamfuta ba ta musu da wanda ya faɗa mata suna. Duk lambar da aka ba ta, can za ta. Mugaye sun san haka tun da wuri. Akwai ƙwayoyin cutar da ke shigowa ta filas, su je su rubuta sunayen kamfanonin riga-kafi a cikin hosts su mayar da su 127.0.0.1, ta yadda kwamfuta ba za ta ƙara samun maganinta ba. Mun sha buɗe fayil ɗin mu tarar da layukan da ba mu muka rubuta ba. Wata kuma, da aka sani da DNSChanger, gidajen nan biyu take sauyawa ta sa lambobin wasu 'yan damfara na ƙasar Estoniya, ta kama kwamfutoci kimanin miliyan 4 a duniya kafin a kama masu ita a Nuwamban 2011. Mutum zai rubuta suna daidai, harafi bai kuskure ba, a kai shi inda bai nufa ba. Wanda ya taɓa ganin haka da idonsa ba ya ƙara ɗaukar tambayar wa ke faɗa wa na'urata suna da wasa.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Wayar salula ta shigo Najeriya a Agustan 2001, layi yana tsada kamar me, sannan a hankali ƙarafunan sabis suka tsaya a Mafara da Bakura da Maradun. Aka fara sayar da 'yar modem mai kama da filas, wadda da ka soka ta take karɓo lambarta da na 'yan rakiyarta da kanta. A ƙarshen 2009 Google ya buɗe nasa mai faɗin sunan kyauta, 8.8.8.8, lambar da ko yaro zai haddace, sai takardar bango ta zama ba a bukatarta. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, farashi ya fara karyewa, dish ɗin kafe suka yi tsatsa a kan rufi. Daga nan wayoyin Android masu araha suka cika kasuwa. Shagunan da suka rage suka koma buga takardu, da cike fom, da rajistar jarrabawa.

Ba na kukan wancan zamani, kuma ina roƙon tsararrakina kada mu yi wa yara ƙaryar cewa ya fi daɗi. Tsada gare shi, da jinkiri, da wariya. Matan aure ba sa shiga kafe, 'yan mata kaɗan ne ke iya zama a tsakanin samari, manomin Rini ko na Faru da bai yi boko ba bai taɓa tunanin akwai abin da ya shafe shi a ɗakin nan ba. Yau wannan manomin yana jin farashin shinkafa da albasa a wayarsa kafin ya ɗora buhu a mota, matarsa tana sayar da turare da atamfa daga cikin ɗakinta, tsohuwa tana ganin fuskar jikanta da ke Saudiyya. Wannan alheri ne babba, kuma da sai kowa ya rubuta lamba da hannu da bai iso gare su ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, da sauƙin ya zo, sanin inda igiyar take ɗaure ya tafi.

Shekarar 2021 ta nuna mana haka a hanya mafi ɗaci. A ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta suka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba suka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Bayan kwana biyu, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako. An ce mako biyu. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wanda ya san abin da iyayen yaran nan suka gani ba zai raina dalilin ba. Amma mun ga mutane suna biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato don su buga waya ɗaya, mun ga masu POS sun naɗe lemarsu, mun ga ɗalibai da takardunsu duk suna ajiye a wani wuri da ba su san a wace ƙasa yake ba.

A cikin makonnin nan wani matashi mai kula da kwamfutocin wata makaranta ya zo ya same ni a gida. Yaro ne mai ƙwazo, ya fi ni sanin abubuwa da yawa na yau. Ya ce, "Baba, manhajar da muke shigar da sakamakon yara ta daina buɗewa, kuma an ce sai sabis ya dawo." Na tambaye shi ina uwar garken take. Ya ce tana ofishin shugaban makaranta. Na ce to sauran kwamfutocin da me suke kiranta? Ya faɗi wani suna mai ƙarewa da com, wanda wanda ya kafa musu tsarin ya saya. Ashe na'urar tana ɗaki na gaba, bango ɗaya ne tsakani, waya a haɗe, sola na ba da wuta, amma duk safiya sai kwamfutocin sun aika tambaya waje a faɗa musu lambar maƙwabciyarsu, kuma yanzu babu hanyar fita. Muka je, muka duba lambar uwar garken, muka rubuta ta da sunan a layi ɗaya cikin hosts na kowace kwamfuta. Manhajar ta buɗe. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Baba, dama wannan yana ciki?"

Kada a ɗauka layin nan ya dawo da intanet. Bai dawo da ita ba, ba kuma zai iya ba. Abin da ke waje yana waje har ranar da aka kunna ƙarafuna. Abin da ke cikin gida kawai ya mayar wa masu shi.

Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya kusan awa shida. Wani kuskure a gyaran hanyoyin kamfanin ya sa na'urorinsa masu faɗin suna suka janye kansu daga intanet, sai ya zamana biliyoyin wayoyi suna tambayar ina facebook.com babu mai amsawa, alhali rumbunan bayanan suna nan ba abin da ya same su. Manyan injiniyoyin da ake biya miliyoyi suka faɗa ramin da yaron makarantar nan ya faɗa. A Mafara da Bakura da Maradun kusan babu wanda ya san an yi.

Fayil ɗin yana nan bai je ko'ina ba. A Windows 11 yana inda yake tun XP, sai dai yanzu sai ka buɗe Notepad da izinin mai gudanarwa kafin ya yarda ka ajiye. A Linux na zamani hosts na hannunka har yanzu, amma resolv.conf a yawancinsu wata manhaja ce ke rubuta shi, har da gargaɗi a samansa cewa kada ka taɓa. A wayar Android ma akwai shi, an dai kulle shi, mai wayar bai isa ya rubuta harafi ɗaya ba sai ya fasa tsaron wayar. Abin da aka bar masa, tun daga Android 9 ta 2018, ɗan gida ne guda a cikin saiti inda zai iya zaɓar wanda zai riƙa faɗa masa suna, kuma a cikin masu waya ɗari da wuya ka sami ɗaya da ya taɓa leƙa shi. Idan bai zaɓa ba, kamfanin layinsa ya zaɓa masa, kuma wannan mai amsawar yana ganin sunan duk inda ya nufa.

Wuraren da tsohon ilimin ke da rai har yanzu su ne ɗakunan jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, inda ɗaruruwan na'urori ke magana da uwar garke ɗaya a cikin gini, kuma ranar jarrabawa ba a jiran wani daga Legas ya zo ya duba. Sai asibitoci da bankuna da makarantun da ke ajiye bayanansu a gida. Duk waɗannan suna bukatar yaran da suka san bambancin hanya ta yanke da suna ya ɓace. Roƙona ga malaman kwamfuta a Abdu Gusau, da jami'ar jiha da aka kafa a Mafara a 2018, da sakandaren Bakura da Maradun, shi ne su ware darasi ɗaya a zango, su zare wayar da ta fita waje, su ce wa ɗalibai su ba kowace kwamfuta lamba da suna da hannunsu, su sa su gane juna, sannan malam ya ɓata layi ɗaya a ɓoye ya ce a nemo. Kwamfuta biyu da waya guda sun isa a fara, kuma ba a bukatar data ko ta naira ɗaya.